Kalmomin Tsada a Turanci

Wanda ya soma koyon Turanci yakan zaci kowace kalmar Hausa tana da 'yar'uwa guda ɗaya tak a can. Zancen tsada kaɗai ya isa ya nuna ba haka abin yake ba. Waɗansu masu fassara sukan tara "expensive" da "costly" da "dear" da "valuable" wuri guda, su ce duk tsada ke nan. Wannan gajarce hanya ce, kuma ɗalibi take cuta.

"Expensive" ita ce tsada tsagwaronta, watau abin da ke cin kuɗi da yawa. Asalinta daga Latin ne, inda tushenta ke nufin a auna a biya, gama a zamanin da awon azurfa ake yi wajen ciniki. Ko fam ɗin da aka yi ta kashewa a Nijeriya har 1973, sunan ma'aunin nauyi ne tun asali. "Costly" ta fi ta nauyi, don ana faɗinta ga yaƙi ko kuskure, abin da ya ci rai ko mutunci, ba kuɗi kaɗai ba.

"Dear" kuwa ta fi su ban sha'awa. Ita ce ake buɗe wasiƙa da ita, ko da takardar neman aiki ce, ita ce miji ke kiran matarsa da ita, ita ce kuma mutanen Ingila ke faɗi idan farashin burodi ya hau. Tun a tsohon Turanci take ɗauke da ma'anonin nan biyu, ƙauna da tsada. Daga jikinta aka sami "dearth", watau ƙarancin abu, musamman abinci. Manomin da ya ga yadda tiyar gero ke tashi a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa kaka ba ta zo ba, ba ya bukatar malami ya bayyana masa dangantakar. A Amurka dai ba safai ake amfani da ita ga farashi ba.

Inda fassara ta fi yin ɓarna shi ne wajen haɗa tsada da daraja. "Valuable" daraja ce. Ruwan rijiya yana da daraja, alhali ba shi da tsada. Nan kuma akwai tarko. Ɗalibi ya koyi cewa "less" a ƙarshen kalma rashi take nufi, sai ya ga "priceless" ya ɗauka abin banza ne ko na kyauta. Ina! Nufinta abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi, kamar Alƙur'anin da kakan mutum ya rubuta da hannunsa. Abin banza shi ne "worthless". Haka "invaluable" yabo ce babba, "valueless" kuwa kushe. Lalle Turanci bai kyauta wa baƙo ba a nan, amma mai fassara da ya juya yabo ya koma zagi laifinsa ya fi.

Har wa yau, mai talla ba ya son rubuta "expensive" a jikin hajarsa. Sai ya sa "luxury", ko "premium", ko "exclusive", kalmomin da ke gaya wa mai saye cewa shi babba ne, su yi shiru game da aljihunsa. Dillali a kasuwar Kurmi ma ya san dabarar, shi da ke shafa turmin shadda yana cewa araha ba ta ado tun ba a tambaye shi nawa ba.