A Bar wa Bakin Rijiya Simintinsa

Duk wanda ya shigo birnin Zazzau ta Ƙofar Kibo a 'yan shekarun nan, in ya leƙa gidajen da aka yi wa kwaskwarima, abu guda zai yi ta gani: an ɓamɓare daɓen tsakar gida an shimfiɗa intalok, ja da ruwan toka, tun daga bakin zaure har ƙofar madafa. Ni ma yana ba ni sha'awa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake kai shi har gindin rijiya da wurin wanke-wanke, ba a tsaya an tambayi inda ruwa zai bi ba.

A gidan gwaggona na ga illar hakan. Ɗanta da ke aiki Kaduna ya aiko da kuɗi a gyara mata tsakar gida, don tsohon simintin ya tsattsage, kuma Allah ya saka masa da alheri. Aka shimfiɗa intalok ko'ina. Cikin watan Agusta na je gaishe ta, na tarar tana jan ruwa. Duk sanda ta taka bulon da ke gindin rijiyar sai ya motsa, baƙin ruwa ya tsarto ta tsakaninsa da na kusa da shi. Na sa hannu na ɗaga guda. Yashin da ke ƙarƙashi ya zurare, sai laka mai warin sabulu da kanzo.

Ta ce, "Ɗan nan, da can ruwan wanki kwata yake bi ya fita waje. Yanzu ƙasa yake shigewa, rijiyar kuwa ga ta nan."

Ta gama maganar. Shi intalok ba manna shi ake yi ba. Kan yashi ake jera shi, a cike tsakaninsa da yashi, a tokare gefe da dogon bulo. Shi ya sa ba ya tsagewa, in bututu ya fashe a ɗaga a gyara a mayar, kuma yana barin wani kaso na ruwan sama ya nutse. A garin da ke samun ruwa kusan milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa cikin wata biyar, ga lunguna matsattsu, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Amma a bakin rijiya amfanin nan shi ne cutar. Ruwan wanki, ruwan wanke-wanke, har wanda aka wanke jariri da shi, duk ya sami hanyar gangarawa zuwa ruwan da za a sha. Mu da muka san abin da amai da gudawa ke yi wa unguwa da damina bai kamata mu ɗauki wannan da wasa ba.

Haka gindin katangar ƙasa. In ruwa ya riƙa jiƙa ta daga ƙasa, ba ka ganin komai sai ranar da ta zauna.

Masu ƙin siminti suna cewa yana tsagewa, yana santsi. Gaskiya ne, amma yawanci hannu ne ya jawo. Kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, shi ne haɗin da magina suka sani, sai a ja buhu ɗaya ya yi aikin biyu. Ana so a yi ta ba shi ruwa har kwana 7, sai a ba shi kwana ɗaya a hau takawa. Santsin kuma daga goge shi sumul da cokalin gini ne. A ja masa tsintsiya tun yana ɗanye, a ba shi gangara zuwa kwata, ko gansakuka ba za ta sami wurin zama ba.

Iyayenmu mata da suke gayyar daɓe, suna dukan tsakuwa da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba suna waƙa, sun san wannan gangarar ba tare da awo ba. Magina ma haka. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, da ƙasa aka yi shi, kuma har yau bakunansa na nan. Maginin ƙasa yakan fara da tunanin inda indararo zai zubar kafin ya kai ga zanen bango.

A gidan gwaggo mun kira magini, muka cire layi shida kewaye da rijiyar, aka zuba siminti mai faɗin taku uku da ɗan gefe mai tudu, aka ja masa hanya har kwata, aka yi siririn irinsa a gindin katanga. Sauran tsakar gidan muka bar shi da intalok ɗinsa, nan take shimfiɗa tabarma da yamma. Bulon da aka cire kuwa ta ce a jera mata a ƙarƙashin randunanta.