Masu Share Hanyar Everest

Mu mutanen Wudil ƙasarmu a shimfiɗe take, Dutsen Dala ne tudun da muka sani. Shi ya sa Zed Al Refai ɗan Kuwait ke burge ni, Balaraben farko da ya taka ƙololuwar dutsen Everest mai tsayin mita 8,849, a 2003.

Amma jinjinata ta fi karkata ga mutanen Sherpa na Nepal. Tun cikin dare suke fita, su ɗaure igiyoyi, su gitta tsani kan ramukan ƙanƙarar mashigar Khumbu da ke kan hanyar hawa dutsen, su goyi tantuna da tukwanen iskar shaƙa. Ba don su ba, mahaya kaɗan ne za su kai sama. A 2014 ƙanƙara ta rufta wa ma'aikata 16 a wannan mashiga, amma har yau duk shekara sai sun koma sun sake shimfiɗa hanyar, domin ƙanƙarar motsi take.