Gidan Makama da Ganuwar Kano: Tsokaci

Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), shi ne zangon farko ga baƙon da ya zo ganin Birnin Kano. A nan aka adana tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan zuwan Turawa. Sai dai akwai abin dubawa. Darajar ƙyaure tana tare da bangon da ya riƙe shi, ga shi kuwa ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa tana zaizayewa, ana gine-gine a kanta. Adana ƙyaure alhali ganuwa na rushewa rabin aiki ne. Wajibi ne hukuma ta ɗauki ganuwar tamkar ɓangaren gidan, ta kula da ita.