Jinjina ga Masu Wasa Gilashin Tabarau

Duk dattijon malamin da ke zaure a Rimin Gado, wanda shekaru suka raunana ganinsa har wasali da ɗigo suka fara rikice masa a cikin Mus'hafi, sa'an nan ya tafi birnin Kano, ko Asibitin Ido na ECWA da aka kafa a 1943 ko waninsa, ya komo da tabarau ya ci gaba da tilawa, to, akwai hakkin waɗansu bayin Allah a wuyansa, waɗanda bai taɓa ganin fuskarsu ba.

Su ne masu wasa gilashi. Likita yakan auna ido ya rubuta lamba, amma a hannunsu lambar ke zama gani: da fari a kankare gilashin da faifai mai garin daimon a bakinsa, domin babu ma'adinin da ya fi daimon tauri, sa'an nan a bi shi da gari mai laushi, da wanda ya fi shi laushi, ana zuba ruwa, har kartar ƙarshe ta ɓace ya fito garau, kuma in tsakiyarsa ta kauce wa ƙwayar ido, mai tabarau da ciwon kai zai kwana. Haƙuri irin wannan, wallahi, ya cancanci yabo.

Ilmin gani kuwa, Ibnul Haisam mutumin Basra ya shimfiɗa shi a Kitabul Manazir kusan ƙarni uku kafin a fara ƙera tabarau a Italiya. Allah Ya jiƙansa, Ya tsare idanun magadansa daga ƙurar sana'a.