Ta'aliƙi a kan babin kyauta da wasiyya, daga warƙa ta 9 zuwa ta 12

Da sunan Allah muke farawa. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya yanka wa kowane magaji rabonsa da kanSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, wannan babi shi ne ƙashin bayan littafin. Mawallafi, Allah Ya jiƙansa, ya rubuta shi da ajami a warƙa huɗu, baƙi da tawada baƙa, wasulla da ja. Kuɗin da yake lissafi da su wuri ne, zambar da keso, alamar cewa ya yi rubutunsa tun kuɗin Nasara ba su kori wuri ba a kasuwannin Damagaram, wadda Faransa ta ci a 1899. Ya dogara a kan littattafan da muka karanta a zaure: Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfa ta Ibnu Asim. Amma ya saɓa musu a jeri. A Risala babin kyauta yana wani wuri, babin rabon gado yana can kusa da ƙarshe. Shi kuwa ya ɗauko kyauta da wasiyya ya dasa su a bakin ƙofar lissafi. Wannan basira ce ta wanda ya zauna rabon gado, domin faɗan magada ba kasafai yake tashi a kan sudusi da sumuni ba. Yana tashi ne a kan abin da za a zuba a tabarma kafin a fara rabo. Mun yaba masa a nan, za mu kuma yi masa gyara a inda maganarsa ta gaza, domin ana kafa hujja da ita yau a ƙasar Magarya da Dungas a kan dukiyar da bai taɓa gani ba.

Warƙa ta 9. Faɗarsa: "Abin da mamaci ya bari shi ne gona da bisa da rumbu da tufa da wuri."

Wannan jeri misali ne, ba iyaka ba, kuma da ya faɗi haka da ya hutar da mu. Tarika a wurin malamanmu ita ce duk wani haƙƙi da mamaci ya mallaka wanda ake iya rabawa, ko ido ya gan shi ko bai gan shi ba. Bashin da yake bin mutane tarika ne, haka ajiyar da ya ba wani, da zubinsa na adashi, da akuyar da ya bayar kiwo. Kuɗin da ke asusun banki, da wanda ke cikin wayar salula, da wanda ɗan ci-rani ya turo daga Aljeriya ko Libiya ta NITA ko Amana ko Al Izza ya rasu ba a karɓa ba, duk hukuncinsu ɗaya da wurin da ke cikin keso. Ɗan kasuwar da ke kai bisashe Maigatari ranar Alhamis sau da yawa asusu biyu gare shi, na sefa a nan, na naira a ƙetaren iyaka. Dukansu tabarma ɗaya za su hau.

Mawallafi ya kawo jerin haƙƙoƙi biyar daidai yadda Halilu ya jera su: na farko abin da ya rataya a kan wata kadara ita kanta, kamar jingina, sannan likkafani da kabari gwargwadon al'ada, sannan bashi, sannan wasiyya daga sulusin abin da ya rage, sannan magada. Ba mu da gyara a nan. Sai dai ka lura, sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ba sa cikin biyar ɗin. Wanda ya cire kuɗi daga wayar mamaci ya sayi gero don sadaka alhali akwai marayu cikin magada, ya yi sadaka da abin da ba nasa ba.

Warƙa ta 10. Faɗarsa: "Kyauta ba ta cika sai da kamu. Wanda ya kama, nasa ne."

Rabin farko zinariya ne. "Kamu" fassara ce mai kyau ta hauzi, wato wanda aka ba abu ya karɓe shi ya fita daga hannun mai bayarwa tun yana da rai da lafiya, bashi bai kewaye dukiyarsa ba. Asalin mas'alar yana cikin Muwaɗɗa: Sayyidina Abubakar ya ba ɗiyarsa Nana A'isha wasƙi 20 na dabino daga gonarsa ta Gaba, ba ta yanke ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya sanar da ita cewa tun da ba ta karɓa ba, dabinon ya koma dukiyar magada, a raba shi bisa Littafin Allah. In kyautar Siddiƙu ga Uwar Muminai ta faɗi don rashin kamu, ina ga ta waninsa?

Rabi na biyu shi ne tarko. Mawallafi yana nufin wanda ya kama abin da aka ba shi kyauta, amma bai ɗaure maganar ba, sai ta zama sanda a hannun mai son zuciya. Yanzu za ka ji babban ɗa ya ce lambar sirrin wayar baba a hannunsa take, katin banki a aljihunsa, ai ya kama. Wannan kamun wakili ne. Tsoho ya ba ɗansa lamba don idonsa ya yi rauni ko don bai iya karatun boko ba, kamar yadda ake ba yaro mabuɗin rumbu ya auno hatsi. Riƙon mabuɗi bai mai da rumbu nasa ba. Wakilci kuwa yana warwarewa da mutuwar wanda ya wakilta, don dukiyar ta riga ta koma ta wasu. Duk abin da ya cire bayan ya san an yi rasuwa amana ce a wuyansa har ya ajiye ta gaban magada.

Akwai mas'alar da mawallafi ya tsallake, ita ce kuwa mafi amfani ga zamaninmu. Imamu Malik ya yi bayani a Muwaɗɗa cewa uban da ya ba ƙaramin ɗansa zinariya ko azurfa, ya rasu kuɗin na hannunsa, yaron ba shi da komai a ciki, sai fa in uban ya ware kuɗin su kaɗai, ko ya damƙa su ga wani mutum ya ajiye wa yaron. Abin da muke fahimta a nan: uban da ya buɗe asusu da sunan yaronsa, ya zuba kuɗi, ya kafa shaidu cewa kyauta ce, bai koma yana ɗiba yana jujjuyawa a kasuwancinsa ba, ya ware ke nan, kyauta ta cika. Wanda ya ce da baki rabin abin da ke asusunsa na Auta ne, kuɗin kuwa suna cakuɗe da nasa har ya rasu, Auta ba shi da komai sai rabonsa na gado. Ka tuna kuma Risala ta karhanta mutum ya ba wasu ƴaƴansa dukiyarsa duka, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir kuwa ya isa gargaɗi a kan fifita wani ɗa.

Warƙa ta 11. Faɗarsa: "Magaji ba shi da wasiyya, bare ba ya wuce sulusi."

Magana ce gajera mai kyau, ta tattara hadisai biyu a layi ɗaya. Da ita za mu auna layin nan na takardar banki, musamman bankunan Najeriya, inda ake rubuta sunan makusancin mai asusu. Mutanenmu sun fassara wannan layi da "magaji", fassarar kuwa ta yi ɓarna. Manufar layin a san wanda za a tuntuɓa. Ko a dokar Najeriya sunan bai mallaka wa mai shi kuɗin ba, sai an kawo takardar kotu. A shari'a kuwa, in wanda aka rubuta yana cikin magada, ko da mamaci ya yi nufin ya ba shi duka, wasiyya ce ga magaji, ba ta zartuwa sai sauran sun yarda. Yardarsu kyauta ce daga gare su, don haka sai baligi mai hankali, kowa a cikin rabonsa. Babu mai yafe haƙƙin maraya a madadinsa. In kuma ba magaji ba ne, kamar agola, ko jikan da ubansa ya riga kakan rasuwa baffanninsa suka kange shi, to iyakarsa sulusi, shi ma sai an tabbatar wasiyya aka nufa. Halilu ya kawo cewa takardar wasiyya, ko an gane rubutun mamaci ne, ba a zartar da ita in bai kafa shaidu ba, bai kuma ce a zartar ba.

Ga misali da kuɗinmu. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da ƴaƴa maza 2, da ɗiya 1. A asusunsa akwai jaka 1,400, sunan babban ɗa ne a takarda. Jana'iza ta ci jaka 50, bashi jaka 150, saura jaka 1,200. Asalin mas'ala 24: mata sumuni, 3, uwa sudusi, 4, saura 17 ba ya rabuwa a kan kawuna 5, sai a buga 24 sau 5, ya zama 120, kowane kashi jaka 10. Mata jaka 150, uwa jaka 200, kowane ɗa jaka 340, ɗiya jaka 170. Mai suna a takarda haƙƙinsa 340, sauran na bi ta hannunsa ne kawai. A misalin da ke wannan warƙa mai kwafi ya rubuta wa matar rubu'i tare da akwai ƴaƴa. Tuntuɓen alƙalami ne, aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta yanke, lissafin mawallafi da ke ƙasa ma a kan sumuni ya tafi. Mun gyara a matani.

Fa'ida. Kuɗin da CNSS ke ba matar ma'aikaci da marayunsa bayan rasuwarsa hukuma ce ta ƙayyade masu shi, mamaci bai mallake su ba yana raye, don haka muna ganin ba sa hawa tabarma. Inshorar rai dabam take. Dokar CIMA, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka sa mata hannu a Yawunde a 1992, tana ba wanda aka ambata kuɗin kai tsaye ba ta hanyar gado ba. Doka ta buɗe masa ƙofar karɓa, amma abin da mamaci ya zuba daga guminsa, mai tsoron Allah ya mai da shi ga magada. Hukuncin inshorar kanta yana wani babi.

Warƙa ta 12. Faɗarsa: "Gonar mace a bar ta hannun ɗan'uwanta, ya ci ya ciyar da ita."

Nan mawallafi ya sauka daga kan littafi ya hau al'ada, kuma ba za mu bi shi ba. Aya ta 7 ta Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabo a cikin kaɗan da mai yawa, ba ta ware gona ba. Wataƙila a zamaninsa daji na da faɗi, gona ba ta da tsada. Yau a Bande da Dancawo da Waca da Malawa gonaki sun tsuke, "a bar ta hannunsa" ta zama "ta tafi ke nan". Ciwon nan ne ya sake riga ya shiga banki: namiji ke da katin ɗan ƙasa da waya da kuɗin mota zuwa Damagaram, sai a ce ya karɓo ya riƙe wa mata. Dokar tsarin shari'a ta Nijar ta 2018, kamar ta 2004 da ta 1962 kafinta, ta bar gado a kan al'adar masu ƙara, alƙali yana zama da masu ba shi shawara a kanta. To abin da malamai suka kira al'ada shi za a hukunta. In muka yi shiru a kan wannan layi, mun sa hannu. Mace baliga ita ke da ikon rabonta. In ta ga dama ta ba ɗan'uwanta aro, a rubuta aro ne a gaban mai gari da kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa.

Tanbihi. Mawallafi ya ji tsoron mai cinye gado, bai san gadon da ke ɓata don ba wanda ya san da shi ba. Mutum ya ɓoye asusunsa ga iyalinsa, ya rasu, kuɗi na kwance, marayu na yunwa. A tsarin da ministocin ƙasashen sefa na yammacin Afirka suka amince da shi a 2012, asusun da ya shekara 10 ba a taɓa ba ana mai da kuɗinsa babban banki BCEAO, in aka cika shekara 30 ba mai nema ya koma baitulmalin gwamnati. Maganin yana cikin ayar bashi, ta 282 a Suratul Baƙara, da hadisin Ibnu Umar mai kwaɗaitar da kada Musulmi ya kwana biyu ba wasiyyarsa a rubuce. Ka rubuta, ko da ajami ne: bankin kaza, layin waya kaza, wane na bina, ina bin wane. Ka naɗa wasiyyi amintacce ga ƙananan ƴaƴanka, ka kira adilai biyu ka shaida musu cewa sunan da ke takardar banki na mai karɓowa ne. Magada kuma su nemi takardar rasuwa a ma'aikatar magajin gari, su zauna taron dangi a rubuta, su karɓi takardar magada a gidan shari'a. Kada su ji haushin banki don ya rufe asusu har takardu su cika. Malamanmu ma suna dakatar da rabo in matar mamaci na da ciki har ta haihu.

Hukuncinmu a kan babin: warƙa ta 9 da ta 11 a karantar da su yadda suke, ta 10 a karantar da ita da ƙaidin da muka sa, layin gonar mace na warƙa ta 12 a karanta shi don a san an faɗa, kada a yi fatawa da shi. Kowa ana ɗaukar maganarsa ana bari, ban da Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Allah Ya gafarta wa mawallafi da mai kwafi da mu da iyayenmu da malamanmu, Ya tsare cikkunanmu daga dukiyar maraya. Wallahu a'alamu. Sai babin hajabu a warƙa ta 13, in Allah Ya so.