Kunnen Mai Gyaran Kwamfuta

Idan kwamfutar tebur ta ƙi tashi, mai ita yakan yanke hukunci nan take: "Ta mutu." Gwanin gyara kuwa, irin waɗanda ake samu a titin Beirut da ke Kano, ba ya karɓar wannan magana sai ya ji ta bakin na'urar. Zai danna madanni, ya yi shiru, ya kasa kunne.

Abin da yake fara nema shi ne ko wuta na shiga. In fanka ba ta motsa ba, sai ya zare filogin akwatin wuta mai ramuka 24, ya lanƙwasa ɗan guntun ƙarfe ya haɗa koriyar waya da baƙa. Fanka ta juya, to akwatin na da rai. Sai ya ɗauko mita: rawayar waya ta ba da bolt 12, ja ta ba da 5, mai ruwan lemo 3.3. A wurin da wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, kan wannan akwati ɓarnar ta fi sauka.

In wuta lafiya amma allo baƙi ƙirin, aiki ya koma ga kunne. Tun kwamfutar IBM ta 1981, na'urar kan binciki kanta kafin ta buɗe, ta faɗi sakamakon da ƙara. Gajeriyar ƙara ɗaya galibi alamar lafiya ce. In ta yi ta maimaitawa, akwai magana, kuma ma'anar ta bambanta gwargwadon BIOS, wato manhajar da ke yin wannan bincike: na AMI, na Award ko na Phoenix. Sau da yawa laifin RAM ne. Zai ɓalle shi, ya goge haƙoransa masu ruwan zinariya da magogin fensir, ya mayar har ya ji ƙas, allo ya haska.

Sauran alamu ma yana karanta su. Kwamfutar da ke tashi ta mutu bayan 'yan mintoci zafi ne ya dame ta: ƙurar hunturu ta toshe fanka, ko man da ke kan furosesa ya bushe. Wadda ke mance kwanan wata, ɗan batirin CR2032 ne ya ƙare. Kapasito mai kumburarren kai ido ke gano shi. Faifan ajiya kuwa in ya fara ƙwas-ƙwas, gwani kashe na'urar yake yi, don bayanan mai kaya sun fi ƙarfen daraja.

Abin burgewa a aikinsa shi ne haƙuri. Abu ɗaya yake canzawa, ya gwada, sannan ya matsa gaba, daga mai araha zuwa mai tsada. Saboda haka, duk wanda ya ce maka ka sayi sabon madabod tun bai ɗauko mita ba, ɗauki kayanka ka nemi wani.