Akwatin Müller da Mudun Mai Bishara

Duk wanda ya daɗe yana zama a benci ranar Lahadi ya sha jin labarin nan daga bakin mai wa'azi. Gari ya waye a gidan marayu na birnin Bristol a Ingila, an jera kwanoni, babu ko loma. George Müller ya tara yara ya yi godiya a kan tebur wayam. Can sai ga mai burodi yana ƙwanƙwasa ƙofa, bayansa mai madara, wai kekensa ya lalace daidai bakin gidan. Jama'a su ce amin, a miƙe waƙar baiko.

Labari ne mai daɗi, amma ya rufe mutumin da tsarinsa. Müller Bajamushe ne, an haife shi a 1805. A 1830, yana fasto a Teignmouth, ya ajiye albashi, ya soke kuɗin hayar benci, ya sa akwati a majami'a, wanda Allah ya taɓa zuciyarsa ya jefa. Ya ɗauki ƙa'ida biyu: ba zai roƙi ɗan Adam ba, ba zai ci bashi ba. Da su ya buɗe gidan marayu a 1836, daga baya ya gina manyan gidaje biyar a Ashley Down. Kafin rasuwarsa a 1898, marayu sama da 10,000 sun ci sun sha a hannunsa.

Abin da masu wa'azi ke tsallakewa shi ne littafin lissafi. Mutumin nan ko sisin kwabo ya shigo sai ya rubuta, kuma yana buga rahoto yana rabawa. Shi ya sa wasu suka ce ai rahoton ma roƙo ne, an dai naɗa masa rawani. Ina ganin suna da 'yar gaskiya. Shi ma ya san da zargin, don a ƙarshen 1841, lokacin da asusu ya bushe, ya ɗage taron shekara da rahoton da gangan don kada a ce su ke ciyar da yaran. Ko ma dai yaya, burodin ta hannun mai burodi ya zo. Manna da ta sauka a Fitowa 16 ma sai da aka fita aka tsinta, wanda ya ɓoye ta kwana kuma ya tarar da tsutsa.

Daga Müller al'adar ta kama Hudson Taylor, wanda ya kafa mishan ɗin ƙasar Sin a 1865, daga nan ta iso gare mu. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko ba wata babbar ƙungiya a bayansu. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida. Mafarin mishan ɗin SIM ke nan, uwar ikilisiyar ECWA. Dogaro ga Allah bai hana zazzaɓi aikinsa ba, kuma wannan ɓangaren ba kasafai ake sa shi a wa'azi ba.

A yau gadon ya karkace ta gefe biyu. Ga mai cewa ka "shuka iri" a aljihunsa ka girbi mota, yana kafa hujja da sunan mutumin da bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma in ka nemi lissafi ka zama marar bangaskiya. Wannan a fili yake. Wanda ya fi damuna shi ne na shiru: kwamiti ya tura mai bishara ƙauye, a yi wata uku ba a aika masa kome ba, in ya yi magana a ce, "Malam, Ubangiji zai tanada." Müller kansa ya zaɓa wa wannan hanya, shi mai bisharar zaɓa masa aka yi.

Na taɓa kwana a gidan irin wannan mai bishara cikin watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Matarsa ta auna dawa, ta dubi mudun, ta rage tafi ɗaya ta mayar buhu. Da magariba wata tsohuwa ta Zumuntar Mata ta yi sallama da ƙwaryar wake a ka, ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce sauri take yi, awakinta ba su shiga ba.